Ido, Sanda da Alli: Tarihin Saiti a Wasan Sunuka

Wasan sunuka, wanda ake bugawa da sanda a kan tebur mai shimfiɗar koren ƙyalle da ramuka 6, ba ya neman gudu ko ƙarfin damtse, kuma abokin karawa ba shi da ikon taɓa komai matuƙar ɗan wasa yana kan bugu, saboda haka duk ƙwarewar da ke cikinsa ta taru ne a kan abin da ido ya gani da abin da hannu ya iya cikawa. Filin cikakken tebur yana da tsawon mita 3.57 da faɗin mita 1.78, ana zuba masa ƙwallaye 22, wato ja 15, masu sauran launuka 6, da fari 1 wanda shi kaɗai sanda ke taɓawa, kuma kaurin kowanne milimita 52.5 ne. Ya dace a bambanta shi da abin da ake kira sunuka a rumfunan unguwanni na garuruwan Hausa, wanda galibi wani ɗan'uwansa ne da ake bugawa a ƙaramin tebur mai ƙwallaye masu lamba, ko da yake asalinsu ɗaya ne kuma matsalar saiti ɗaya ce. Saiti a nan yana nufin daidaita ido da sanda da farin ƙwallo a kan layin da zai kai ɗayan ƙwallon rami, kuma ɗan lissafi kaɗan ya isa ya nuna tsananinsa: idan farin ya kauce da milimita 1 kacal a wurin haɗuwa, ƙwallon da ya buga zai karkace da fiye da digiri 1, wanda bayan tafiyar mita 2 ya zama kusan santimita 4, alhali bakin ramin bai kai faɗin ƙwallo biyu ba. Tarihin wannan sana'a ya nuna cewa lissafin layin an gama shi tun da wuri, amma ganin layin daidai da tura sanda a kansa ba tare da karkata ba su ne suka ci wa masu wasa fiye da ƙarni guda.

Kakan sunuka shi ne biliyad, wanda sarakuna da attajiran Faransa da Ingila suka ɗauko daga wani wasan fili suka mayar cikin ɗaki a kan tebur tun a ƙarni na 15, kuma a farkonsa babu bugu irin wanda aka sani a yau. Abin da ake riƙewa wata doguwar sanda ce mai faffaɗan kai, wadda mai wasa ke ɗora kanta a kan tebur ya tura ƙwallo da ita yana tsaye ƙyam, yana kallon layin daga sama. Idan ƙwallo ya manne a gefen tebur, inda faffaɗan kan ba zai shiga ba, sai a juya sandar a yi amfani da siririyar wutsiyarta, kuma daga wannan dabarar ta dole ne sandar zamani ta fito a ƙarshen ƙarni na 17. Sai dai busasshen itace ba ya kama ƙwallo mai santsi, domin da zarar an buga shi a wani wuri da ba tsakiya ba sai sandar ta zame, don haka har farkon ƙarni na 19 duk ilimin bugu bai wuce neman tsakiyar farin ƙwallo ba.

Mutum biyu ake dangantawa da sauya wannan hali. Na farko shi ne François Mingaud, wani kyaftin na sojan Faransa wanda aka tsare a kurkuku a birnin Paris, inda ya sami tebur da isasshen lokaci, ya kuma gano cewa idan aka manna ɗan guntun fata a kan sanda aka zagaye bakinsa, fatar tana kama ƙwallo ta sa shi juyi. Da ya fito a wajajen 1807 ya riƙa nuna wa jama'a abin da suka ɗauka siddabaru ne, wato farin ƙwallo ya bugi wani sannan ya dawo baya da kansa, abin da ke faruwa idan an buge shi a ƙasan tsakiya. Ya wallafa littafi a kan waɗannan buguna a 1827, wanda maƙerin tebura John Thurston na Landan ya fitar da shi cikin Ingilishi a 1830. Na biyun shi ne Jack Carr, mai ƙirga maki a wani ɗakin wasa a garin Bath na Ingila, wanda ya shahara da murɗi, wato bugun farin ƙwallo ta dama ko ta hagun tsakiya domin ya sauya kusurwar da zai baro gefen tebur da ita. An ruwaito cewa Carr ya riƙa sayar wa abokan cinikinsa wani gari a 'yan ƙananan kwalaye a kan sule 2 da sisi, yana ce musu a cikinsa sirrin yake, alhali nikakken alli ne kawai. Duk da cewa akwai cuta a farashin, garin yana aiki, domin alli ne ke hana fata zamewa. Allin da ake amfani da shi a yau, wanda haɗi ne na yashi mai laushi da wasu ma'adanai, ya samo asali daga wanda William Spinks da William Hoskins suka yi wa rajista a Amurka a 1897.

Abin da sau da yawa ake mantawa shi ne saiti ba shi da ma'ana a kan teburin da ba ya faɗin gaskiya. Teburan farko shimfiɗar katako gare su, wanda ke lanƙwashewa da sauyin yanayi, gefensu kuma cushe yake da tsummoki da gashin doki, ƙwallayen kuwa na hauren giwa ne, wanda ke kumbura ya motse har ƙwallo ya daina zama kewayayye, kuma da wuya a sami biyu masu nauyi ɗaya. Wannan ciniki ya ci giwayen Afirka masu ɗimbin yawa, tun da haure guda 'yan ƙwallaye kaɗan yake bayarwa. Thurston ya fara shimfiɗa falalen dutse a ƙarƙashin ƙyalle a wajajen 1826, ya kawo gefen roba a 1835, amma ɗanyar roba tana sandarewa da sanyi, har sai da aka riƙa jera wasu dogayen kwanoni na ruwan zafi a jikin gefen kafin a fara wasa, matsalar da ba ta kau ba sai da aka sami robar da aka dafa da farar wuta a 1845. Ƙwallayen roba mai tauri sun fara bayyana ne bayan gwaje-gwajen John Wesley Hyatt a Amurka a ƙarshen shekarun 1860, amma ƙwararrun Ingila ba su saki haure ba sai a ƙarshen shekarun 1920. Daga lokacin ne mai wasa ya sami damar sanin cewa idan ya ɓarar da bugu laifin nasa ne, kuma sai da wannan sani ake iya gyara.

Shi kuwa lissafin, masanin Faransa Gaspard-Gustave de Coriolis ya riga ya shimfiɗa shi a wani littafi na 1835, inda ya nuna, alal misali, cewa ƙwallon da ke zamewa yana juyi yana bin lanƙwasasshiyar hanya kafin ya miƙe. Masu wasa ba su karanta shi ba, amma sun isa ga wasu daga cikin sakamakonsa ta hanyar yawan bugu, suka kuma raba haɗuwar ƙwallaye biyu gida-gida gwargwadon yadda farin ya rufe fuskar ɗayan. Idan ya rufe ta gaba ɗaya, ƙwallon zai tafi a miƙe. Idan ya rufe kashi uku cikin huɗu, zai karkata da kimanin digiri 14. Idan rabi ne, digiri 30. Idan kashi ɗaya cikin huɗu ne, kimanin digiri 49. Bugun rabi shi ne ginshiƙi, saboda shi kaɗai ne yake da alama tabbatacciya da ido zai kama, wato a saita tsakiyar farin a kan gefen ɗayan ƙwallon daidai. Akwai kuma hanyar da ake koya wa ɗan koyo har yau, ta ya ƙaddara a ransa cewa akwai wani ƙwallo da ba a gani, manne da wanda yake son jefawa, a kan layin da ya taso daga rami ya ratsa tsakiyarsa, sannan ya aika farin ya maye gurbin wancan na ƙaddarawa. Kuskuren da kusan kowane sabon shiga ke yi shi ne ya saita sandarsa kai tsaye a kan ɗigon da yake son a taɓa, ya manta cewa gefen farin ne zai taɓa wurin, shi ya sa bugunsa ke yin kauri ƙwallon ya kasa kaiwa kusurwar da ake so.

Sunuka kansa ya zo ne daga baya, kuma daga Indiya. A 1875, a barikin sojan Birtaniya da ke Jabalpur, wani matashin hafsa mai suna Neville Chamberlain, wanda ba shi ne firaministan nan mai irin sunansa ba, ya ƙara ƙwallaye masu launi a kan wasannin da hafsoshi ke yi na caca, aka tsara dokokinsa a kulob ɗin Ootacamund a 1882, daga can kuma ya isa Ingila. Manyan 'yan biliyad sun daɗe suna raina shi, suna ganinsa abin rage dare, har sai da ƙwarewarsu ta kashe kasuwarsu: a 1932 Walter Lindrum na Ostareliya ya tara maki 4,137 a hawa ɗaya, wato ba tare da ya ba abokin karawarsa tebur ba, yawanci ta hanyar 'yan ƙananan buguna masu kama da juna, kuma 'yan kallo suka gaji. Bambancin wasannin biyu ta fuskar saiti babba ne. A biliyad ƙwallaye uku ne kawai, mafi yawan buguna na kusa ne, hankali kuma yana kan inda farin zai bi, don haka tsofaffin gwanaye irin su John Roberts ƙarami suna bugu ne kusan a tsaye, kansu can sama da sanda. A sunuka kuwa dole ne a jefa ƙwallo daga nesa cikin ƙunƙuntaccen rami, a kuma ajiye farin a wurin da bugu na gaba zai yiwu, wanda hakan ke neman ido ya sauko ya kwanta a kan layin.

Wanda ya saukar da idon shi ne Joe Davis, haifaffen Derbyshire a 1901, wanda ya taimaka aka shirya gasar duniya ta farko a 1927, ya lashe ta a Birmingham ya karɓi fam 6 da sule 10, a gasar da mafi yawan makin da wani ya tara a hawa ɗaya bai wuce 60 ba. Ya ci gaba da lashe ta sau 15 a jere har ya janye daga gasar a 1946 ba a taɓa kayar da shi a cikinta ba, sannan a 1955 ya zama na farko da aka amince a hukumance cewa ya tara 147, wato cikakken makin da ake samu idan an bi kowane ja da baƙi sannan aka share sauran. Tsayuwarsa ita ce ta zama abin koyi: ƙafar dama a miƙe a baya, ta hagu a lanƙwashe a gaba, jiki a karkace, hannun hagu a miƙe sambal a kan ƙyalle, yatsu huɗu a baje suna danne da tebur, babban yatsa a ɗage ya manne da manuniya ya bar wani ɗan kwari da sanda ke gudana a cikinsa, abin da ake kira gada. Haɓa tana gogar sanda, sanda tana gogar ƙirji, hannun dama yana riƙe da gindinta riƙon da bai yi tsauri ba, kuma daga gwiwar hannu zuwa ƙasa ne kaɗai ke motsi. Ya koyar da cewa a ɗan dakata a ƙarshen ja da baya na ƙarshe, ido ya koma kan ƙwallon da za a jefa, sanda ta ratsa wurin da farin yake ta wuce gaba, kai kuma kada ya ɗaga sai bugu ya ƙare. Duk wannan ya zuba shi a littafinsa na 1949, How I Play Snooker, wanda tsararraki biyu na masu wasa suka riƙe tamkar doka.

Sai dai Joe Davis ba ya gani sosai da idonsa na dama, saboda haka da na hagu yake saiti, sandarsa kuma tana bin gefen hagu na haɓarsa, kuma wani kaso na tsayuwar tasa ya ginu ne domin kai wannan idon kan layi. Dubban masu koyo da idanunsu biyu lafiya lau, ko waɗanda na damansu ne mai rinjaye, suka riƙa tilasta wa jikinsu wannan siffa, kamar rigar da tela ya yanka a ma'aunin mutum ɗaya aka ce kowa ya sa, sannan suna mamakin yadda layin da suke gani a miƙe ke ƙarewa a gefen rami. Wannan ba ya rage darajar littafin, domin yawancin abin da ke cikinsa game da natsuwar kai da miƙewar sanda gaskiya ne ga kowa. Abin da aka jinkirta yi shi ne tantance wanne ne ƙa'idar wasa, wanne ne kuma maganin larurar mai littafin. Ƙanensa Fred Davis, wanda shi ma ya zama zakaran duniya, ya gamu da wata larurar ta daban, domin ba ya hangen nesa, kuma mai tabarau idan ya sunkuya har haɓarsa ta taɓa sanda ta saman gilashin yake kallo; sai da aka ƙera masa tabarau mai maɗauri da ke ba gilashin damar tasowa sama kafin wasansa ya daidaita. Irin wannan buƙata ce ta haifar da manyan tabarau da Jack Karnehm ya yi wa Dennis Taylor, masu kama da an kifa su, waɗanda da su ya jefa baƙin ƙwallo na ƙarshe a wasan ƙarshe na gasar duniya ta 1985 a gaban masu kallon talabijin miliyan 18.5, bayan abokin karawarsa Steve Davis ya yanke nasa bugun ya yi siriri fiye da kima.

Wani abu da ya faru a 1938 ya cancanci a ambata a gefe, domin shi ya sa doka ta fayyace mece ce sanda. A ɗakin wasa na Thurston da ke Landan, farin ƙwallon Alec Brown ya maƙale a tsakiyar jajaye a karawarsa da Tom Newman, sai ya zaro wata 'yar sanda mai tsawon alƙalami daga aljihu, ya shafa mata alli ya buga. Alƙalin wasa ya ce laifi ne, daga baya kuma aka rubuta cewa sanda ba za ta gaza ƙafa 3 ba.

Talabijin mai launi ta sauya yadda ake koyo, tun daga shirin Pot Black da tashar BBC2 ta fara a 1969, zuwa komawar gasar duniya zauren Crucible na Sheffield a 1977, domin yanzu yaro yana iya ganin hannun gwani kusa da kusa. Steve Davis, wanda ba shi da dangantaka da Joe, ya koyi wasa ne tare da mahaifinsa Bill suna bin littafin Joe shafi bayan shafi, ya kuma lashe gasar duniya sau 6 tsakanin 1981 da 1989 da bugun da ba ya sauyawa komai tsananin wasa. Mutumin da ya fi kowa warware ƙullin da Joe ya bari shi ne Frank Callan, mai sayar da kifi a garin Fleetwood wanda ya koma horar da 'yan wasa, wanda ya dage cewa a fara gano idon da mutum ke saiti da shi sannan a gina masa tsayuwa, kuma abin da ya kamata ya zama ɗaya a kowane bugu shi ne tsarin shiga: a yanke shawara tun ana tsaye, a taka a kan layi, a sunkuya, a gwada sanda gaba da baya, a dakata sosai, sannan a saki. Hujjarsa mafi ƙarfi ita ce Doug Mountjoy, wanda wasansa ya lalace har ya faɗo zuwa na 24 a jerin gwanaye, Callan ya sake masa bugu daga tushe, ya kuma lashe gasar Birtaniya ta 1988 yana da shekara 46. Gaskiya ne cewa Alex Higgins, zakaran duniya na 1972 da 1982, ya riƙa karya kusan dukkan waɗannan ƙa'idoji, kafaɗarsa na tashi, kansa na fizga, amma masu nazarin hotunansa sun lura cewa motsin yakan zo ne bayan sanda ta riga ta taɓa ƙwallo, kuma ba a gina wata makaranta a kan salonsa ba.

Murɗin da Carr ya yi ciniki da shi yana da kuɗinsa a wurin saiti, kuma wannan ne dalilin da ya sa masu horarwa ke hana ɗan koyo taɓa shi da wuri. Idan aka bugi farin ta dama, sanda tana ture shi kaɗan zuwa hagu kafin juyin ya fara lanƙwaso shi, kwanciyar gashin ƙyalle kuma tana ƙara ko rage lanƙwasar gwargwadon ko ana bin ta ne ko ana saɓa mata, sannan a wurin haɗuwa juyin yana jan ɗayan ƙwallon daga layinsa. Yawan turewar ya dogara da nauyin bakin sanda da laushin itacenta, don haka kowace sanda tana da nata hali, kuma gyaran da gwani ke yi wa saitinsa ba tare da tunani ba na sandarsa ne ita kaɗai. Wannan ya bayyana irin rashin da Stephen Hendry ya yi a 2003, lokacin da aka karya masa sandar fam 40 da ya lashe gasar duniya sau 7 da ita, a cikin kaya a hanyar dawowa daga Tailan. Hendry ya kuma bayyana daga baya cewa ya yi fama da wata cuta da ke kama masu irin wannan wasa, inda ido ke ganin layi sarai amma hannu ya ƙi sakin sanda yadda aka saba, cutar da ta riga ta durƙusar da Patsy Fagan, zakaran gasar Birtaniya ta farko a 1977, wanda ya kai ga ba ya iya bugu da sandar tallafi, wato wadda ake ɗora sanda a kanta idan hannu bai kai ba.

A ƙarni na 21 bincike ya koma kan ido fiye da hannu. Stephen Feeney ya fito da tsarin da ya sa wa suna SightRight, wanda ginshiƙinsa shi ne kowane mutum yana da wani wuri tsakanin idanunsa biyu da daga nan ne kaɗai yake ganin miƙaƙƙen layi a miƙe, wurin da ba lallai ne ya zama tsakiyar hanci ko ƙarƙashin ido mai rinjaye ba, kuma dole ne a kai wannan wuri kan layin tun mai wasa yana tsaye, domin wanda ya sunkuya a karkace zai yi ta gyara da hannu abin da ƙafarsa ta ɓata. Akwai masu ganin cewa sabon suna ne aka sa wa abin da Callan ya riga ya faɗa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a zargin, amma aunawa dalla-dalla da tsarin ya kawo ci gaba ne na haƙiƙa, musamman ga manyan 'yan wasa da suka shekara suna rufe kuskuren saiti da baiwa. Stuart Bingham ya lashe gasar duniya a 2015 yana aiki da shi bayan shekara 20 yana ƙwararre. Mark Williams kuwa, wanda rabonsa da kofin tun 2003, wanda kuma ya kasa ko samun gurbin zuwa Crucible a 2017 har ya fara maganar ajiye sanda, ya yarda aka sauya masa inda yake ɗora kansa da yadda yake takawa zuwa bugu, ya dawo a 2018 yana da shekara 43 ya doke John Higgins da turmi 18 da 16 a wasan ƙarshe.